Darasi na 7: Asibitin Mazaɓa, Ranakunsa da Katinsa

Ranar allura, tun hantsi bai ɗaga ba benci ya cika. Waɗanda suka makara sun shimfiɗa gyale a gindin bedi, kowace da goyo, wata kuma tana jan na yaye da hannu. Malamar asibiti ta ɗora akwatin sanyi a kan tebur, ta buɗe wani dogon littafi mai layi-layi, ta rataye sikeli a jikin ƙusa. Mace ta farko ta kwance bakin zane ta ciro kati a naɗe cikin leda.

"Inna, jikanki ne?"

"Shi na, Malama. Uwatai ba ta jin daɗi, shi as sa ni kawo shi."

Malama ta duba katin, ta ƙirga da yatsa, ta ce yau satinsa goma, ga ɗigo biyu a baki, ga allura a cinya. Ba ta tambayi tsohuwar komai ba bayan wannan, domin katin ya riga ya faɗa mata ranar haihuwar yaron, da abin da aka yi masa wancan zuwan, da nauyinsa a lokacin. Mace ta biyu ba ta da kati. Ta ce ya ƙone tare da ɗaki lokacin da suka baro ƙauye. Aka shiga lissafi: da azumi aka haife shi ko bayan salla? An taɓa yi masa a cinya? Sau nawa? Malama ta ɗaga hannun rigarsa na hagu tana neman tabo. Abin da aka gama wa ta farko a minti uku ya ci wa ta biyu kusan rabin awa, kuma a ƙarshe da kintace aka rabu.

A Ingila, tun 1948, kusan kowane mutum yana da likitan unguwa da ya yi rajista a wurinsa. Shi ke auna jinin tsoho, shi ke tura mutum babban asibiti idan abin ya fi ƙarfinsa, kuma tarihin lafiyar gidan yana ajiye a ofishinsa. A Gatawa ko Tozai, a Tsamaye ko Bargaja, wanda ke tsaye a wannan matsayi shi ne asibitin mazaɓa, wanda wasu ke kira sha-ka-tafi. Mai kula da shi galibi ma'aikacin lafiya ne da ya yi makarantar koyon kiwon lafiya, wani lokaci da nas ko ungozomar asibiti, ko da yake duk muna ce musu likita. Ana yi musu canjin wuri, mu ma rashin tsaro yana yi mana namu canjin. Saboda haka tarihin lafiyar gidanka ba ya zaune a kan kowa. Yana jikin kati, katin kuma yana hannunka.

Yadda aka faro

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kiwon lafiya ya fara daga kusa da gida. Wanda ya ɗauki maganar da gaske a Najeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Bayarabe ne, don haka Bagobirin da ya sha magani a asibitin mazaɓa sai ya haƙura ya yarda cewa abokin wasa ya yi masa rana. A 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. A 2014 aka yi dokar lafiya da ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan mataki, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Jihar Sakkwato tana da mazaɓu 244 a ƙananan hukumomi 23. Ko kowace ta samu nata mai aiki, wannan ɗalibai sun fi littafi sani.

Ranar allura

Mu daɗe a nan, domin nan aka fi yin ɓata.

Allurar farko ta ranar haihuwa ce: ɗaya a dantsen hagu domin tarin fuka, ɗaya a cinya domin ciwon hanta, da ɗigo a baki domin shan inna. Ta hanta ta fi amfani idan an yi ta cikin awa 24 na farko. A nan al'ada ke karo da asibiti, tunda jariri ba ya fita kafin suna, mai jego kuma ba ta fita kafin arba'in. Amma babu wanda ya ce dole uwa ce za ta kai shi. Kaka na iya naɗe shi ta kai, uba na iya raka ta, su dawo kafin ruwan wanka ya tafasa. Wurin allurar dantse yakan yi ɗan ƙurji bayan wasu makonni, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Kada a shafa masa komai. Bagobiri ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin zane a jiki: wannan ma shaida ce da ake gane yaro da ita ko da kati ya ɓace.

Ta biyu tana zuwa a sati 6. Ga hanyar tunawa: sati shida kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan an gama wankan arba'in. Daga nan sai sati 10, sai sati 14, tsakanin kowanne wata guda. A waɗannan zuwa uku ake yin allurar da ma'aikata ke kira Penta, mai tare cuta biyar a tsinke ɗaya: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus mai sandarar da jiki, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai. Tare da ita akwai ta namoniya, da ta shan inna, da ɗigon gudawa wanda aka shigo da shi tsarin a 2022. Penta takan sa zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, cinya ta ɗan kumbura, yaro ya kwana yana kuka. Maigida ya kasa barci, gari ya waye ya ce ba a ƙara kai masa ɗa. Wannan dare ɗaya ya raba yara da yawa da allura ta biyu da ta uku. Zazzaɓin nan jiki ne ke koyon faɗa. Farasitamol na yara gwargwadon yadda malama ta faɗa, da nono akai-akai, sun ishe shi. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya riƙa shaƙe yara a Kano a 2023, mafi yawansu waɗanda ba a yi wa allura ba, ba zai haɗa shi da kukan dare ɗaya ba.

A wata 6 ana matsa wa yaro bitamin A a baki daga wani ɗan ƙwanso shuɗi. Bayan ya shekara sai ja, duk wata shida har ya kai biyar. A wata 9 sai ta ƙyanda, da ta shawara, da ta sanƙarau. A wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Tsakanin sati 14 da wata 9 akwai tazara mai tsawo, kuma a cikinta ake mantawa. Uwa ta duba katin, malama takan rubuta ranar dawowa a jiki.

Mu 'yan yankin sanƙarau ne. Daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara yake yawo, kuma a 2017 ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi. Wancan wani nau'i ne dabam da wanda allurar lokacin ke tarewa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar. Shan inna kuwa, an bayyana Afirka ta rabu da na asalin a ranar 25 ga Agusta, 2020, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016. To me ya sa har yanzu masu ɗigo ke bin gida-gida? Saboda akwai wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma jiharmu na cikin wuraren da ake samunsa. Mutane kan yi ƙorafi cewa ɗigon shan inna har ɗaka ake kawo shi kyauta, maganin masassara kuwa sai ka saya. Ƙorafin yana da gaskiya a ciki, sai dai yaron da aka ɓoye a bayan rumbu ba shi ya tsara kasafin kuɗi ba.

Abu biyu da ya kamata kowa ya riƙe. Na ɗaya, idan an tsallake rana, ko wata uku, ko shida, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa, muddin an san inda aka tsaya. Na biyu, idan malama ta ce a dawo ranar kaza domin ta ƙyanda ko ta dantse, ga dalili: waɗannan biyun gari ne a kwalba, sai an dama su da ruwansu, kuma da zarar an dama, bayan awa shida sai zubarwa. Kwalbar ƙyanda ta yara goma ce, ta dantse ta ashirin. Shi ya sa ma'aikata kan so su tara yara a rana ɗaya. Ka tambayi ranar tun kafin ka biya kuɗin kabu-kabu.

Akwai kuma allurar 'yan mata masu shekara 9, wadda aka fara a Najeriya a Oktoban 2023, domin tare sankarar bakin mahaifa. An yi ta yaɗa cewa tana hana haihuwa. Irin maganar da aka yi wa ɗigon shan inna ke nan a 2003, kuma yaran da aka ɗiga wa a wancan lokaci yau su ne ke zaune a benci da goyo.

Ranar awo

Mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, wasu don kunya, musamman a cikin fari, wasu don kada a sani. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce zuwa takwas, na farko kafin ciki ya wuce sati 12. Ga matar da ke nesa, a hanyar da ba kullum ake binta ba, takwas na iya yin wuya. Ta yi iyakar abin da ta iya, amma ta fara da wuri.

Awo ya wuce a shafa ciki a ce lafiya. Ana ɗaura abin auna jini a dantse, ana tsoma wata 'yar takarda a fitsari. Waɗannan biyun ne ke tona asirin jijjiga tun tana nesa. Idan jini ya hau, ga kumburin fuska da hannu, ga ciwon kai mai tsanani, ga ido yana ganin hazo, to mace tana bakin rami, kuma hayaƙi da tofi ba sa sauke jini. Akwai allurar da ake yi domin tare jijjigar. Ana duba ƙarancin jini a ba da jar ƙwaya ta ƙarin jini, wadda kan mayar da bayan gida baƙi. Wannan ba komai ba ne. Ana yin allurar tetanus sau biyu, wata guda tsakani, wadda ke kare uwa da cibiyar jariri. Daga wata na huɗu ana ba da ƙwaya uku na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a sha a gaban malama, a maimaita bayan wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ana gwada ƙanjamau da ciwon hanta domin a kare abin da ke cikin.

Jihar Sakkwato tana da abin da ta riga sauran jihohi a wannan fage. A 2013 ta fara raba wa masu haihuwa a gida abu biyu: ƙwaya uku ta misoprostol, mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da man kuloheksidin na shafa wa cibi. Dokar ƙwayar guda ce, kuma karya ta na iya kashewa: ba a shan ta sai jariri ya faɗo, an kuma tabbata babu na biyu a ciki. Ba maganin saurin naƙuda ba ce. Man kuma na cibi ne kaɗai, kada ya kusanci ido. Ya maye gurbin toka, da man goge haƙori, da gashi da tsumma.

Naƙudar da ta kwana ta wuni ta wuce hannun ungozomar gida. Kan yaro idan ya daɗe yana danne mafitsara, shi ke jawo yoyon fitsari, wanda ake ɗinkewa a asibitin mata da yara na Maryam Abacha a Sakkwato. A ƙasarmu ta yau akwai ƙarin lissafi, domin ba kowane direba ke yarda ya tayar da mota da dare ba, ko nawa za a ba shi. Matar da malama ta ce cikinta na da haɗari, ko 'yar fari mai ƙarancin shekaru, ko wadda aka taɓa yi wa aiki, ko mai tagwaye, gara ta koma gidan dangi a cikin Isa ko Sabon Birni tun watan haihuwa ya kama. Wannan shawara ta maigida ce, a yanke ta tun ciki yana wata bakwai.

Bayan haihuwa, a sa jariri a nono cikin awa ta farko. Dakashi, wannan nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Har wata shida nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata, ko a zafin Afrilu. Uwar ce za ta sha ruwan. Sai maganar kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a matan Hausa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya idan ta kwanta, a ajiye kunun a kai ta asibiti. A wannan zuwan ne kuma ake maganar tazarar haihuwa ga ma'auratan da suke so.

Damina

Ruwa na sauka, fadamun Rima da Bunsuru na cika, sauro ya samu gida. Daga wajen Yuli zuwa Oktoba masu rabon magani kan bi gida-gida duk wata, suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin masassara. Na kwana uku ne. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari. Nan ake samun matsala: a ajiye sauran "sai ya yi zazzaɓi", ko a raba wa yayansa. Wanda ya sha na rana ɗaya kamar wanda ya rufe rabin ɗaki ne da damina. Shi ma wannan rabon yana da katinsa.

Idan zazzaɓi ya zo, a fara da gwaji. Ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 a ga layi ɗaya ko biyu. Idan biyu ne, maganin sha shida ne cikin kwana uku, safe da yamma, a bi shi da abinci mai ɗan maiƙo ko nono. Kulorokwin da muka saba da shi an daina dogara da shi tun 2005, domin ƙwayar cutar ta gane shi. Idan layi ɗaya ne, sai a nemi wani dalilin: kunne, maƙogwaro, huhu, fitsari. Mai kemis yana da amfaninsa, shi ne a buɗe da tsakar dare, amma mai kemis ɗin da ya haɗa maka kala biyar a leda ba tare da gwaji ba, ciniki ya yi. Yaron da ke suma, ko jijjiga, ko amai da duk abin da ya sha, ko ya kasa kama nono, ko haƙarƙarinsa na lotsawa idan yana numfashi, ba a kwana da shi a gida.

Gudawa ba ta kisa sai ta hanyar ƙarar da ruwan jiki. Ledar gishiri da sukari ta asibiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake zuba ta, wato leda biyu ta fiya-wata mai rabin lita. Idan babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. A haɗa da ƙwayar zinki kwana goma, ko da gudawar ta tsaya a rana ta biyu. Yaran da ke wanka a gulbi suna fitsarin jini kuwa, tsargiya ce, ba alamar girma ba, kuma maganinta sha ɗaya ne.

Zaren dantse

Watannin da hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba, su ne watannin tamowa, balle yanzu da gonaki da yawa na nesa da gari sun gagari masu su. Malama tana da wani zare mai kala uku da take naɗawa a tsakiyar dantsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya. Rawaya, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. Haka nan idan aka danna bayan ƙafafu biyu da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba. Kowace uwa na iya koyon wannan awo a zama ɗaya.

Maganin shi ne wannan tunkuzar gyaɗa mai madara da sukari da ke cikin leda. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996, amma a nan maƙwabta, a jihar Maraɗi, lokacin yunwar 2005, aka nuna wa duniya cewa ana iya warkar da dubban yara da ita a gida ba tare da an kwantar da su ba. Ana ba da ta sati guda, a dawo a auna yaro a ƙara. An ƙirga ta ne daidai nauyin yaro ɗaya. Idan aka raba ta da 'yan uwansa, ko aka ga ta a faifan mai talla a kasuwa, to daga bakin wani yaro aka ciro ta, ko uwa ce ta sayar ko ma'aikaci.

A riƙa buɗe bakin yaro mai tamowa ana dubawa, musamman bayan ƙyanda. Dasashi mai jini da wari na iya zama farkon cutar noma, mai cin kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. A farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita. Akwai asibiti sukutum dominta a Sakkwato tun 1999, inda ake gyaran fuska kyauta.

Ina maza?

Duba bencin nan da kyau, da wuya ka ga namiji. Maza sun bar wa mata da yara asibitin mazaɓa, su sai an ɗauko su ranga-ranga. Alhali awon hawan jini bai kai minti biyar ba. Lamba biyu ake karantawa, ta sama da ta ƙasa. Idan ta kai 140 bisa 90 ko ta wuce, a awo biyu a ranaku dabam-dabam, to akwai hawan jini, ko da mutum yana jin zai iya noma kadada. Yawanci ba ya ciwo, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya, a ce jifa ne. Maganinsa ba irin na masassara ba ne da ake gamawa. Kullum ake sha, kuma saukar lambar alama ce cewa maganin na aiki, ba izinin dainawa ba. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Duk wanda ya haura arba'in ya sa a rubuta masa lambarsa a takarda, da kwanan wata, duk lokacin da aka auna.

Yawan ƙishi, da yawan fitsarin dare, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa, a gwada suga. Tarin da ya wuce sati biyu, a kai majina a gwada. Gwajin tarin fuka da maganinsa na wata shida kyauta ne, kuma wanda ya yanke a wata na biyu don ya ji sauƙi yana koya wa cutar yadda za ta gagari magani. Masu shirin aure su gwada jini domin sikila.

Kuɗi, ƙorafi da turawa

Allurar rigakafi kyauta ce, katinta ma haka. Maganin rigakafin damina, da na tarin fuka, da na ƙanjamau, da abincin tamowa, duk ba a sayar da su. Sauran magunguna kan zama na saye, sai ga wanda aka yi wa rajista a shirin taimakon marasa ƙarfi na hukumar SOCHEMA ta jiha. Kowace mazaɓa ya kamata ta kasance tana da kwamitin ci gaba, mai wakilan hakimi da malamai da mata, wanda ke sa ido a kan asibiti. Idan an karɓi kuɗi a abin kyauta, ko ƙofa ta wuni a rufe, can ake kai magana. A kuma yi adalci: ma'aikacin da ke kwana a garin da kowa ke gudu, firijinsa na aiki da hasken rana, ruwansa daga rijiyar maƙwabta, ya cancanci a gaishe shi.

Idan aka ce an tura ka gaba, babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, ko Asibitin Ƙwararru ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka karɓi takardar turawa. Tana ɗauke da abin da aka gani da maganin da aka riga aka bayar, don kada a maimaita ko a haɗa waɗanda ba sa haɗuwa.

Tun 2019 dubban mutanen yankin nan suka tsallaka zuwa ƙasar Gidan Runji da Maraɗi, inda Gobirawan Tsibiri dangi ne tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ma'aikacin gidan likita na can da Faransanci ya yi karatu, amma sunayen allurai da kwanan wata kusan iri ɗaya ne, zai karanta katin Najeriya ya ɗora daga inda aka tsaya. Mai babbar waya ya ɗauki hoton katin, ciki da baya. Sai dai waya na faɗuwa, ana ƙwace ta, kuma mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a nan a 2021. Takardar ita ce asali. A sa katunan gida duka a leda ɗaya, a ɗaure, a ajiye tare da katin zaɓe da na ɗan ƙasa, a wurin da hannu zai kai gare su cikin duhu.

Aikin aji

An haifi yarinya ranar Talata, 4 ga wata. Ku ƙirga a kalanda ranar da za ta cika sati 6, da sati 10, da sati 14. Wace rana ce ta mako kowannensu ya faɗa, kuma me ya sa?

An yi wa yaro allurar sati 6, sai iyayensa suka yi gudun hijira, ba su samu asibiti ba sai yana wata bakwai. Kakarsa ta ce lokaci ya wuce. Ku tattauna biyu-biyu abin da za ku faɗa mata, da irin lafazin da ya dace a yi wa tsohuwa magana.

Ku rubuta lambobin nan, ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka kai hawan jini: 120 bisa 80, 150 bisa 95, 135 bisa 85, 160 bisa 100.

Aikin gida

Kowa ya je asibitin mazaɓarsa ya tambayo ranar allura, da ranar awo, da ranar tamowa, da sunan shugaban kwamitin mazaɓa, ya rubuto su da hannunsa. Maza su sa a auna musu jini kafin su fito. Mako mai zuwa kowa ya zo da katin ƙaramin yaron gidansu. Da shi za mu yi karatun ranar.